Ɓarawon Talata da Alhamis

Litinin, 3 ga wata, 6:50 na yamma

Yau na yi ƙarya, kuma ko mai kyau ban yi ba.

Maigida ya dawo daga shagon kafinta, ko fensirin bayan kunnensa bai cire ba, ya leƙa ɗakin ajiya ya fito yana tambayar ƙaramin zartonsa. Na ce ban sani ba. Ya ce ina tsohon bargon da ke kan kujera. Na ce ban sani ba. Ya buɗe firji ya tsaya yana kallon ƙwai. Mutumin da shekara ashirin da shida bai san inda gishiri yake a gidan nan ba, yau shi ne ya san ƙwai shida ne makon jiya.

"Wani yana shigowa gidan nan," in ji shi.

Sai bakina ya ce, "Ƙila ɓarawo ne."

Bakina ne ya faɗa, ni ban aike shi ba. Da na ce na ba da bargon sadaka, na fasa ƙwan, da an wuce wurin. Amma a'a, ɓarawo. Kuma a tsakar gida na faɗa, da ƙarfi, Kofur maƙwabcinmu yana bakin katanga yana shanya safa.

Bari in rubuta sau ɗaya a nan, tunda littafin nan ba ya kai tsegumi. Ɓarawon ɗana ne, Bahago. Wata bakwai ke nan da abin da ya faru a shago, wanda ba zan rubuta ba, da ranar da ubansa ya ce duk wanda ya buɗe masa ƙofa ya haɗa kayansa ya bi shi. Ni ban buɗe masa ƙofa ba. Makullin ƙofar baya na ba shi, shi yake buɗe wa kansa. Talata da Alhamis, tsakanin sha biyu da biyu, lokacin ubansa yana shago ni ina asibiti. Ya yi wanka, ya ci abin da na bar masa a tukunya, ya fita. Ba shi da waya. Inda yake kwana bai gaya mini ba, wai idan ban sani ba ba sai na yi ƙarya ba. Ga shi kuwa na yi.

Talata, 4 ga wata, 7:15 na yamma

Kofur ya zo tun ban sauke jaka ba. Ya bar aikin soja tun Bahago yana rarrafe, amma har yau idan zai zauna sai ya duba bayan kujera. Ya zagaya gidan sau biyu, hannu a baya, ya nuna katanga ya ce ta nan suka hauro, ga sawu nan. Sawun nawa ne, ranar da na hau ciro zanen da iska ta jefa.

"Maƙwabci," ya ce wa Maigida, "ba ƙwai suka zo ɗauka ba. Leƙen gida suka zo yi, za su dawo. Ka nemi bindiga. Irin wadda ake ja a tura, fam-akshin. Ba ta son dogon ilimi, ba ta cijewa. Ka ja ta sau ɗaya, ƙarar kawai ta isa mutum ya tuna da uwarsa."

Na ce, "Kofur, ƙwai huɗu ne fa da tsohon bargo."

Ya ce, "Sista, ke asibiti kika sani."

Duk layin nan Sista suke ce mini, ni kuwa hoton ƙashi nake ɗauka, ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Na gaji da gyara musu.

Na zaci Maigida zai yi dariya. Mutumin da idan ɓera ya faɗa tarko ni yake kira in zo in fitar. Sai na ga ya ciro fensir ya rubuta sunan bindigar a guntun katako.

Laraba, 5 ga wata, 6:10 na safe

Yana neman takardar haihuwarsa, wai ana bukatarta wajen neman izinin riƙe bindiga. Na san inda take. Na ce ban sani ba. Na fara ƙwarewa.

Alhamis, 6 ga wata, 5:30 na yamma

Da safe na bar wa Bahago takarda a ƙarƙashin murfin tukunya. Na rubuta masa cewa ubansa na maganar bindiga, ya dawo da zarton, ya ɗan ja baya na mako biyu.

Na dawo na sami amsa a bayan takardar, da wannan rubutun nasa mai kwanciya baya: "Mama, Baba ko kaza ba ya iya riƙewa a yanka. Zarton aiki nake da shi, zan dawo da shi. Gishiri ya ɗan yi yawa."

Gishiri ya yi yawa! Ni nan hankalina a tashe tun Litinin, shi abin da ya dame shi gishiri. Kuma tas ya cinye, har ƙanzon bai bari ba.

Asabar, 8 ga wata, 4:00 na yamma

Ya samo takardar haihuwar da kansa, a inda na ɓoye ta. 

Tun safe yake awon korido. Wai Kofur ya ce akwai mai dogon baki akwai mai gajere, dogon na farauta ne, a cikin gida sai ya riƙa karo da bango. To shi Maigida ba ya yarda da maganar da bai auna ba. Ya ɗauki sandar mofa, ya yanke ta daidai tsawon mai dogon bakin, ya ɗora a kafaɗa yana juyawa daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar baya. Juyi na uku ya kaɗo agogon bango. Ya rage sandar, ya sake. Ya ƙara ragewa. Yanzu sai na duƙa nake goge ƙasa.

Na ce, "Maigida, kai kafinta ne. Minti goma ya ishe ka ka canza kubar ƙofar nan, kowa ya huta."

Da ya canza, da na huta da gaske. Bahago zai zo ya tarar makulli ba ya buɗewa, ya yi fushi, amma da ransa.

Ya ce, "Kubar lafiyarta ƙalau. Ba wanda ya taɓa ta."

Ya ci gaba da awo. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai irin na mazan gidan nan ba.

Litinin, 10 ga wata, 6:30 na yamma

Yau an kawo wani magidanci ɗakin hoto, cinyarsa a naɗe. Ƙaninsa ne ya harbe shi bisa kuskure, a gona, ya ji motsi a ciyawa. Da na ɗora hoton a allon haske, ƙwayoyin dalma sun bazu daga gwiwa har kwankwaso, kamar an watsa wa kaji tsaba. Likita ya ce wasu ba za su ciru ba, da su zai zauna.

Ƙanin yana zaune a benci a waje, ya rungume takalman yayansa. Ba wanda ya ce ya riƙe, shi ya ɗauka. Na wuce shi sau uku ban iya kallonsa ba.

Na ba Maigida labarin muna shan shayi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Daga nisa nawa?" Wallahi saura kaɗan in juye masa kofin.

Talata, 11 ga wata, 5:45 na yamma

Wannan yaro zai kashe ni kafin a kashe shi.

Ya dawo da zarton, ya rataye a inda yake, har ya wasa haƙoransa suna ƙyalli. Wannan da sauƙi, sai in ce ashe faɗuwa ya yi bayan buhu. Amma kantar kicin, wadda shekara biyu tana reto da ƙusa ɗaya, wadda na roƙi ubansa har bakina ya gaji, na shigo na tarar da ita a miƙe, daram. Ɓarawo ya gyara mini kanta.

Na ɗauko guduma ina ƙoƙarin ɓata ta. Ni da hankalina, da shekaruna, ina dukan kantar da na yi shekara biyu ina kuka a kanta. Ko gezau ba ta yi ba. A haka Maigida ya shigo ya same ni da guduma a hannu.

Na ce, "Na gaji da jiranka, na gyara da kaina."

Ya zo ya girgiza ta. Ya sunkuya ya leƙa ƙasanta, ya shafa kan ƙusoshin da ɗan yatsa. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya je ya sauko da zarton, ya kai shi wajen taga yana duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

"Kin iya aiki," in ji shi.

Ya mayar da zarton. Abincinsa ma bai ci rabi ba.

Laraba, 12 ga wata, 6:00 na safe

Na zaci an gama. Da na tashi na ga ya cike takardar neman izinin tas, har da hoto ya manna.

Juma'a, 14 ga wata, 7:00 na yamma

Ɓarawona ya yi girma. Matar Kofur ta gan shi, dogo ne mai tabo a goshi. Mai shagon kan kwana ya ce su uku ne, ɗaya yana tsayawa gadi. Telan layin baya ya ce an ɗauke masa almakashi, bayan kowa ya san shi almakashi a aljihunsa yake ɓacewa. Jiya har taro suka yi a ƙofar gidanmu, aka fito da kujeruna, aka sha mini shayi. Batu ɗaya ne: bindiga mai lamba sha biyu ko mai lamba ashirin. Wai sha biyun ta fi ƙarfi amma tana dukan kafaɗa, ashirin ɗin ko mace za ta iya riƙewa. Duk suka juyo suka kalle ni.

Na ce ni kar wanda ya sa ni a ciki. Kofur ya ce, "Ai don ke ake yi, Sista."

Ina tsaye da tire a hannu, ina jin maza bakwai suna zaɓar girman ramin da za a yi wa ɗana. Biyu a cikinsu da hannunsu suka ɗauke shi yana jariri. Haushin kaina ya fi na kowa, don ni na tara su.

Lahadi, 16 ga wata, 3:20 na yamma

Wai doka ta ce sai da kabad mai makulli ake ajiye bindiga. Ya kwaso katakon da yake ta ɓoyo shekara da shekaru, wanda ya hana a yi mini teburi da shi, ya zauna a tsakar gida tun safe. Rabon da in ga ya yi aiki da irin wannan natsuwa tun kafin abin nan. Hannunsa na dama tun ranar nan ta shago ba ya damƙewa sosai, sai ya tsaya ya yarfe shi ya ci gaba.

Kabad ɗin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Amma ƙofarsa a juye take, ta wancan gefen take buɗewa, sai mutum ya gicciye hannu. Kuma ya jera maratayai a ciki sun fi goma. Na ce, "Bindiga nawa za ka saya, ta dukan layin?" Na ce ƙofar ma ka juya ta, tsufa ya zo.

Ya ce, "Ki bar ni da aikina, ni na bar ki da ƙasusuwanki."

Talata, 18 ga wata, 6:15 na yamma

Abokiyar aikina tana hutun haihuwa, ni kaɗai ce a ɗakin hoto, amma yau na rufe na ce injin ya yi zafi. Na zo gida ƙarfe ɗaya saura. Na same shi a kicin, a tsaye yake ci, da cokali a hannun hagu. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ce masa duk abin da na tanada a mota. Na ce ba wasa ba ne, an kai takarda, an yi kabad. Na ce ya ba ni makullin, zan riƙa kai masa abinci duk inda ya ce.

Ya yi dariya, irin ta ubansa, ta gefen baki. "Mama, ke kika ce ɓarawo, ke za ki ce ba ɓarawo ba. Ki gaya masa mana."

"Ka san abin da ya ce."

"To ni ma kin san abin da ya ce mini." Ya ajiye cokalin. "Idan na ba ki makullin nan, shi ke nan na fita daga gidan nan da gaske. Yanzu ko ba komai ina shigowa."

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce, "Yaya hannun nasa?" Na ce da sauƙi. Ya gyaɗa kai ya ja ƙofar, na ji ya murza makullin sau biyu kamar yadda ubansa ya koya masa.

Alhamis, 20 ga wata, 8:00 na dare

Na ce, "Maigida, akwai maganar da nake so mu yi." Ya ajiye kofi, ya juyo gaba ɗaya, ya ce, "Ina jin ki." Na ce famfon banɗaki yana ɗiga.

Asabar, 22 ga wata, 5:00 na yamma

Ya ce sai na raka shi shagon bindiga, tunda ni ma a gidan nake. Kofur ya biyo mu ba wanda ya gayyace shi.

Shagon ƙarami ne, da ƙofa biyu, da warin man inji. Mai shagon mutum ne mai sanyin magana, ya fi su duka hankali. Ya tambayi faɗin gidan, ya tambayi irin bangon. Ya ce idan bangon ɗaki na falanki ne, harbi zai ratsa ya sami wanda yake ciki. Bangon ɗakinmu na falanki ne, Maigida ne ma ya yi shi.

Ya sauko da guda biyu, ya nuna mana babu komai a ciki. Ɗaya gindinta baƙar roba, ɗaya katako. Maigida ko kallon ta robar bai yi ba. Ya ɗauki ta katakon, ya juya ta, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce ba a bar itacen ya bushe ba, fenti aka rufe da shi. Minti ashirin yana yi wa mai shagon bayanin katako. Kofur yana ta cewa, "Maƙwabci, ba kujera muka zo saya ba."

Sai mai shagon ya karɓa ya ja ta ya tura. Ƙarar nan ta shiga har cikin haƙorana. Kofur ya yi gaskiya a abu ɗaya, mutum yana tuna uwarsa. Ni da ɗana na tuna, yana murza makulli da hannun hagu, yana turo ƙofa da kafaɗa don tana cijewa.

"Wannan ta dama take tofar da kwanson harsashi," in ji mai shagon. "Idan bahago ya riƙe, a fuska zai riƙa samu. Akwai bahago a gidan?"

Kofur ya hau duba silin. Ni na hau duba jakata.

Maigida ya ce, "Akwai."

Wata bakwai ban ji ya amsa cewa yaron nan yana duniya ba. Na ɗaga kai, amma shi bindigar yake kallo. Ya ce a ajiye masa ta katakon, idan izini ya fito zai zo. Har muka iso gida fuskarsa ba ta ba da hanya ba. Ina ga suɓutar baki ce, kuma haushin kansa yake ji.

Litinin, 24 ga wata, 7:30 na yamma

Izini ya fito. Ofishin da takardar gidan nan ta kwana shekara uku a teburinsu, yau sun zama masu sauri.

Ya ce ranar Alhamis da safe zai je shagon bindigar, daga nan ba zai buɗe nasa shagon ba, gida zai dawo ya zauna. Na ce me ya sa Alhamis. Ya ce ya lura ranar Talata da Alhamis sabulun wanka yake jiƙewa.

Na rubuta wa Bahago takarda ta ƙarshe. Ban yi lallashi ba. Na rubuta: "Zai saya. Ranar Alhamis zai zauna yana jiranka a korido. Idan ni na haife ka, kar ka ƙara taka gidan nan." Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Talata, 25 ga wata, 5:10 na yamma

Na sake cewa injin ya yi zafi. Na zauna a kicin daga sha biyu har biyu da kwata. Bai zo ba. Takardar tana nan, shinkafar tana nan.

Laraba, 26 ga wata, 8:20 na dare

Na tashi daga aiki na bi duk inda ake yanka katako a wannan ɓangaren garin. Wuri biyar. "Ko kun san wani saurayi bahago, siriri?" Ɗaya ya ce ya yi musu aikin kwana uku a watan jiya, hannunsa yana da kyau, amma ba ya faɗin inda yake.

Na dawo na mayar da takardar ƙarƙashin murfi, na dafa sabo. Maigida yana goge kabad da tsumma. Na tsaya a bayansa zan gaya masa gaskiya. Shekara ashirin da shida, kuma ban san ko da gaske zai ce in haɗa kayana ba. Ban san ko da gaske zai ja kunamar bindigar nan ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ban sani ba. Na ce masa tsumman nan na goge kwano ne.

Alhamis, 27 ga wata, 6:40 na safe

Ya sa rigar fita. Zan bar asibiti ƙarfe sha ɗaya, in tsaya a bakin lungun baya. Ko a kore ni.

Alhamis, 4:30 na yamma

Ban bar asibiti sha ɗaya ba. Mota ta kife da mutane, aka jera mini tara a ƙofa, har da yarinya mai karyayyen hannu. Sha biyu da minti ashirin na tuɓe rigar aiki na fita da gudu. Mai tasi yana ba ni labarin siyasa, ni ina jin ƙarar nan ta shago a kunnena.

Ban bi ta lungu ba, ta ƙofar gaba na faɗa. Yana zaune a korido, a kan kujera, ya fuskanci ƙofar baya, ya ba ni baya. Ban ga hannunsa ba. Na yi ihu tun daga falo.

"Ɗanka ne! Babu wani ɓarawo, ɗanka ne, ni na ba shi makulli! Ka kore ni, na ji, amma ka ajiye abin nan!"

Ya juyo. Kofin shayi ne a hannunsa. Wani kofin yana ƙasa kusa da wata kujerar, an rufe shi da faranti.

"Kwana ashirin da huɗu," in ji shi. "Na zaci sai an shekara."

Na ce ina bindigar. Ya ce ya je da safe ya ce wa mai shagon katakon bai yi masa ba. Na ce tun yaushe ka sani. Ya ce satin farko da gaske yake, ransa ya ɓaci, ya ɗauka ana shigar masa gida. Amma ranar kantar nan, da ya leƙa ya ga ƙusoshin duk daga hagu aka kora su, ya gane. Ya ce haƙoran zarton ma, mutum ɗaya ne a duniya yake wasa su haka, kuma shekara goma yana hana shi.

"To don me ka ci gaba? Don me ka bar ni ina mutuwa a tsaye?"

"Ni na yi rantsuwa a gaban mutane," ya ce. "Ba zan je in kira shi ba. Na ce idan na matsa, ɗayanku zai zo ya same ni ya faɗa. Ke kika ce famfo yana ɗiga."

Ya buɗe kabad ɗin. Kayan aikin Bahago ne a ciki, duk waɗanda ya kwashe daga shago ya ce ya zubar. Kowanne a maratayinsa, a goge. Ƙofar da na yi wa dariya, da hannun hagu take buɗewa.

Na zage shi. Ban taɓa ba, yau na yi. Sannan na zauna a ɗaya kujerar, muka fuskanci ƙofar tare. Ɗaya ta yi. Ɗaya da rabi. Duk motsin da aka yi a lungu sai ya gyara zama ya taɓa wuyan rigarsa. Ya tambaye ni ko ya rame. Na ce ya rame. Ya ce me zan ce masa idan ya shigo. Na ce ka ce masa shayinsa ya huce.

Ƙarfe biyu da rabi na tashi in ɗuma abincin, ko zai zo a makare. Na ɗaga murfin tukunya. Bai taɓa shinkafar ba. Takardata tana nan a ninke, da makullin a kai. Ashe da safe ya zo, lokacin ubansa yana can yana ƙin sayen bindiga. A ƙasan layi biyun da na ja ya rubuta, "To Mama. Na ji."

Sau nawa nake yi wa yaron nan magana tun yana goye. Yau ce rana ta farko da ya ji.

Na kai wa Maigida. Ya karanta gaba da baya. Ya riƙe makullin a wannan hannun da ba ya damƙewa, ya ce, "Ina yake kwana?" Na ce ban sani ba. Ya kalle ni, ya ga wannan karon gaskiya ce.

Juma'a, 28 ga wata, 7:10 na safe

Ƙarar guduma ta tashe ni. Na fito na same shi a durƙushe a ƙofar baya, ya kwance kubar gaba ɗaya, ya cire sakatar, ya jera su a ƙasa. Ya ce in shirya, yau ba asibiti, za mu fara daga masu yankan katakon da suka ce hannunsa yana da kyau.

Kofur ya leƙo ta katanga da buroshi a baki. "Maƙwabci! Lafiya? Ɓarayi sun cika gari, babu bindiga, kuma ka cire kuba?"

Maigida bai ɗaga kai ba. Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya, ya ga tana cijewa, ya ɗauko zarto zai rage mata ƙasa.

"Ba shi da makulli yanzu," ya ce. "Ta ina kake so ya shigo?"